Wa Ya Ba Likita Iko a Kan 'Ya'yanmu?

A ƙauyukanmu na ƙasar Bichi da Ɗambatta mukan ji maigida ya ce, "Ɗan nawa ne, wa ya ba likita iko a kansa?" Kada mu yi masa dariya, gama tambayarsa tana da tushe.

A shekarar 1996, sa'ad da sanƙarau ya auka wa Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani, wai shi Trovan. Cikin yara 200 da aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Iyaye suka kai ƙara, suka ce ba a fayyace musu cewa gwaji ne ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Saboda haka da jita-jita ta tashi a 2003, wai maganin shan-inna yana hana haihuwa, mutane da yawa suka gaskata. Gwamnatin Kano ta tsayar da rigakafi har watan Yuli na 2004. Cutar kuwa ba ta tsaya ba, ta bazu zuwa waɗansu ƙasashe, har Indunusiya. Manya ne suka yi gardama, amma ƙafafun yara ne suka shanye.

Mu tuna da labarin Na'aman cikin II Sarakuna sura 5. Ya yi fushi domin Elisha bai fito wurinsa ba, manzo kaɗai ya aika. Saura kaɗan ya koma gida da kuturtarsa. Bayinsa ne suka matso, suka lallashe shi, ya shiga Urdun, ya warke.

Ikon likita amana ne daga wurin Allah. Wajibi ne ya faɗi gaskiya, ya nemi yardar iyaye kafin ya taɓa ɗansu. Mu kuma 'ya'yanmu amana ne a hannunmu. Ya halatta mu tambaya, mu sake tambaya, amma a bakin mai sani, ba a bakin kasuwa ba.

Sarkin Kano Ado Bayero ya ɗiga wa yara maganin da hannunsa a gaban jama'a, shakkar mutane da yawa ta ragu. A 2020 aka shaida cewa ainihin ƙwayar shan-inna ta daji ta ƙare a Afirka. Mu da muka iya karatu, bari mu zama kamar bayin Na'aman ga maƙwabtanmu, Kirista da Musulmi duka. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.