RUWAN DA KE ƘARƘASHIN GONARKA, NA WANE NE?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ke saukar da ruwa da gwargwado, Ya taskace wani sashe nasa a cikin ƙasa domin bayinSa su sha, su shayar da dabbobinsu, su yi noma. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa saurayi Musulmi, akwai wata tambaya da na ke so ka tsaya ka yi wa kanka, musamman in kana cikin masu noman rani, ko kana tara kuɗin sayen injin ban ruwa. Tambayar ita ce: gona taka ce, burtsatse kai ka biya aka haƙa, inji da guminka ka saya, to, ruwan da injin nan ya ke zuƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, shi ma naka ne ka yi yadda ka ga dama da shi? Da yawa daga cikinmu za su ce, "Haba malam, in ba nawa ba ne, na wane ne?" To, kada ka yi gaggawar amsawa. Abincin maƙwabcinka, da na 'ya'yanka da ba a haifa ba tukuna, yana rataye da amsar da ka bayar.

YADDA RUWAN ƘASA YA KE

Ka sani, ruwan ƙasa ba kogi ba ne mai gudu a cikin rami, kamar yadda waɗansu su ke zato. Ruwa ne da ya tsatsafa, ya zauna tsakanin ƙwayoyin yashi da tsagogin dutse, kamar yadda ya kan zauna cikin soso. Kuma bai san iyakar gona ba. Kai ka dasa cediya ko ka kafa dutse ka ce daga nan zuwa can nawa ne, amma a ƙarƙashi, kai da maƙwabcinka cikin ƙwarya ɗaya ku ke sha. Idan ka kunna inji, ruwan da ke kewaye da burtsatsenka ya kan yi ƙasa, na nesa ya gangaro ya cike gurbin. Watau idan naka ya fi zurfi, injinka kuma ya fi ƙarfi, ruwan rijiyar maƙwabcinka ne ya ke tahowa wurinka, shi kuwa ya wayi gari gugarsa tana ɗebo laka.

Sa'an nan ruwan nan iri-iri ne. Na fadama yana kusa, kuma damina da ambaliyar kogi su ke mayar da shi kowace shekara. In an ɗebi fiye da abin da damina ta zuba, sai ya riƙa ja da baya. A ƙasashen Kano da Katsina da Zazzau, inda dutse ne a ƙarƙashi, ruwan yana maƙale ne a 'yan aljifai da tsagogi, ba shi da yawa. A wajen Sakkwato da Barno kuwa akwai ruwa mai zurfi ƙwarai, wanda wani sashe nasa ya taru tun dubban shekaru, lokacin da ƙasar ta fi haka damshi. Irin wannan, abin da aka ɗiba ba ya komawa a rayuwarka ko ta jikanka. A Barno, burtsatsen da aka haƙa a shekarun 1950 da 1960 da kansu su ke feso ruwa, ba inji. Aka bar da yawansu suna kwarara dare da rana, har ƙarfinsu ya ragu, waɗansu suka daina fesowa.

ABIN DA SHARI'A TA BA KA

Musulunci bai raina wahalarka ba. Dubi zakkar amfanin gona: abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin goma ake fitarwa, abin da ka shayar da wahalarka da kuɗinka, ɗaya cikin ashirin. Watau Shari'a ta ƙidaya gumin mai jigo da kuɗin mai inji, ta rage masa rabi. Haka kuma malamai sun yi bayani cewa ruwan da ka ɗebo ka zuba a randarka ko tankinka ya zama mallakarka, kuma mai rijiya a cikin gonarsa shi ya fi kowa haƙƙi da ruwanta.

Amma haƙƙin nan yana da iyaka. Ya zo a hadisi cewa mutane sun yi tarayya cikin abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Ya kuma inganta cewa Annabi (S.A.W.) ya hana a riƙe rarar ruwa, ya kuma lissafa mai rarar ruwa a kan hanya da ya hana matafiyi cikin mutanen da Allah ba zai yi magana da su ba ranar alƙiyama. Ko Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta kawo hukuncin cewa idan rijiyar maƙwabcinka ta rushe, alhali yana da shuka da ya ke jin tsoron ta mutu, ba ka da ikon hana shi rarar ruwanka. Malaman Malikiyya kuma sun tafi a kan cewa wanda ya haƙa rijiyar da ta ke janye ruwan wadda ta riga ta, ana hana shi, domin cutarwa ce, Musulunci kuwa ya haramta cutarwa. To, ka ji fa. In an hana ka riƙe rara ga wanda rijiyarsa ta rushe da ƙaddarar Allah, ina ga wanda injinka ne ya ƙafar masa da tasa?

NA SAMA DA NA ƘASA

Rigimar ban ruwa ba yau ta fara ba. Zubairu ɗan Awwam (R.A.) ya yi jayayya da wani mutumin Madina a kan magudanar da su ke shayar da dabino da ita. Zubairu ne a sama. Annabi (S.A.W.) ya umarce shi ya shayar, sa'an nan ya saki ruwan ga maƙwabcinsa. Mutumin ya fusata, ya ce wai don Zubairu ɗan gwaggon Annabi ne. Sai Annabi ya ba Zubairu cikakken haƙƙinsa, ya tsare ruwan har ya kai ga kunyoyin gona. Malamai sun kimanta wannan da idon sawu. Ka lura da kyau: ko da aka ba na sama haƙƙinsa duka, an yi masa ma'auni. Idon sawu ne, daga nan ruwa ya wuce ga na ƙasa. Haka kuma a zamanin Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.), Muhammadu ɗan Maslama ya hana Dahhaku ɗan Halifa ya ratsa gonarsa da magudanar ruwa, Umar ya tilasta shi, tun da abin zai amfani ɗan'uwansa kuma ba ya cutar da shi.

Yanzu ɗauki wannan ma'auni ka auna ƙasarmu. An gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Ba mai musun alherinsu: tumatir da shinkafa da alkama na Kadawa da Kura da Bunkure daga nan su ke, birnin Kano ma yana sha daga nan. Amma kogin nan shi ne ya ke gangarawa Haɗeja, ya bazu a fadamun Nguru, ya wuce Gashuwa da Gaidam, ya nufi Tafkin Cadi. A da, ambaliyar kowace shekara ita ke shayar da shinkafar mutanen can, ta kawo kifi, ta fitar da ciyawa, ta kuma cika ruwan ƙasa da rijiyoyinsu su ke sha. Da aka tare kogin, ambaliyar ta ragu, lokacinta ya rikice, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, waɗansu garuruwa ruwa ya cinye gonakinsu, waɗansu kuma ƙishi. A Bakolori ta ƙasar Talatar Mafara, wadda aka gama a 1978, manoman da aka raba da gonakinsu sun tashi neman haƙƙinsu, a 1980 aka zubar da jininsu.

Wataƙila ka ce, "Wannan aikin hukuma ne, ina ruwana?" Gaskiya ne, kuma shugabanni za su amsa tambaya a gaban Allah a kan rabon da suka yi. Amma kai da ka ke tashi da tsakar dare ka toshe magudana don fangalinka ya cika ya tumbatsa, alhali ranar na ƙasa da kai ce, mene ne bambancinka da su? Madatsarka ce kawai ƙarama. Da za a ba ka babba, abin da za ka yi ke nan.

JARRABAWAR DA SOLA TA KAWO

Kakanninmu da jigo su ke ban ruwa. Ƙarfin damtse shi ne iyakarsu. In mutum ya gaji ya tsaya, rijiya ta huta ta kawo. Daga shekarun 1980, sa'an nan da shirin Fadama a farkon shekarun 1990, ƙananan burtsatse da injin fetur suka cika fadamu. A nan ma akwai linzami, watau kuɗin mai. Ba mai barin inji yana ƙugi a banza, balle bayan janye tallafin man fetur a Mayun 2023, da kuɗin lita ya ninka ya sake ninkawa. Sai ga injin sola. Ni'ima ce daga Allah, ba shakka, ta ceci manoma da yawa daga bashin mai. Amma ka lura da abin da ya faru: damtse ba ya gajiya, aljihu ba ya kuka, rana kyauta ce. Sai ka ga tiyo yana kwarara tun hantsi har la'asar, ruwa ya cika fangali ya malale kan hanya, mai gona yana can gindin bishiya yana danna waya. An cire linzamin gajiya, an cire na kuɗi. Saura ɗaya kaɗai, tsoron Allah. Wannan ita ce jarrabawar zamaninka.

Kada ka ce ruwan ƙasa ba ya ƙarewa. Dubi Saudiyya, ƙasar da ta fi mu kuɗi da injuna. A shekarun 1980 ta ɗauki noman alkama a cikin hamada da ruwan ƙarƙashin ƙasa mai zurfi, har ta wadatu tana sayarwa waje. A 1992 abin da ta noma ya haura tan miliyan 4. Ruwan ya yi ta yin ƙasa. A 2008 hukuma ta yanke shawarar rage sayen alkamar gida shekara-shekara, zuwa 2016 ta rufe shirin, ta koma sayowa daga waje. Su suna da kuɗin sayowa. Mu fa, da me za mu sayo? Ka koma ka karanta ayar ƙarshe ta Suratul Mulk, da ƙissar mai gonaki biyu a Suratul Kahf. Duka biyu sun ambaci ruwan da ya nutse cikin ƙasa har ya gagari nema.

ZA KA CE KANA DA UZURI

Na san abin da ke zuciyarka. Za ka ce, "Bashi na ci na sayi injin nan, ga aure a gabana, ga iyaye, abinci ya yi tsada. In na rage, wani ba zai rage ba, ni na yi asara, ruwan kuma ya ƙare duk da haka." Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma ga amsa biyu.

Ta farko, ba a ce ka bar noma ba. Noman rani ibada ce in niyya ta yi kyau, kuma ƙasar da damina ke wata uku zuwa huɗu ba ta ƙoshi sai da shi. Abin da aka hana shi ne ɓarna. Kuma mafi yawan ruwan da ake zubarwa ba ya ƙara ko tiya ɗaya. Ruwan da ya wuce kima ya kan wanke takin da ka saya da tsada, ya ruɓar da saiwa, ya taso da kanwa ta kashe ƙasa. Annabi (S.A.W.) da mudu ɗaya ya ke alwala, da sa'i ɗaya ya ke wanka. Kai da ka ke gardama a masallaci a kan bin Sunna cikin salla, ina Sunnar ta tsaya da ka isa lambu?

Ta biyu, maganarka cewa kai kaɗai ba za ka iya ba, ita ce hujjar haɗa kai. Ku samari da ke fadama ɗaya, ku zauna da dattawa da limami da mai unguwa ku yi ƙa'ida. Ku yarda a kan tazarar da za a bari tsakanin burtsatse da burtsatse, kada wani ya haƙa a gindin rijiyar shan unguwa. Ku riƙa zura igiya cikin rijiya ɗaya a farkon kowane wata, ku rubuta zurfin ruwa a littafi, bayan shekara biyu ko uku za ku ga gaskiya da idonku. Ku raba ranakun ban ruwa, na ƙarshen magudana ya sami rabonsa cikakke. Ku yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, ku daidaita fangula, ku ɗaure tiyon da ke yoyo, ku rufe ƙasa da ƙaiƙayi ko tattaka. Kada ku shuka shinkafa a jigawa mai yashi, wadda ke shan ruwa kamar rariya. Ku bar wa makiyayi mashaya da burtalinsa, domin dabba ma tana da haƙƙin sha. Shan mutane shi ne gaba, sa'an nan dabbobi, sa'an nan shuka.

In kuwa Allah Ya hore maka, ga abin koyi. Usmanu ɗan Affan (R.A.) ya sayi rijiyar Ruma a Madina lokacin da mutane ke sayen ruwanta, ya mayar da ita waƙafi, gugarsa daidai da ta kowane Musulmi. Kai ba a ce ka sayi rijiya ba. Ka sa famfo ɗaya a bakin gonarka, mata da yara su ɗiba. Idan injin maƙwabcinka ya lalace, albasarsa na ƙuna, ka miƙa masa tiyo.

To, ɗan'uwa, mu koma ga tambayarmu. Ramin naka ne, injin naka ne, abin da shukarka ke bukata halal ɗinka ne. Abin da ya ragu bayan wannan amana ce a hannunka, ta maƙwabci, da ta na ƙasa da kai, da ta mai zuwa bayanka, kuma za a tambaye ka. Gobe in ka kai hannu za ka kunna inji, ka tuna da idon sawu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye mana rijiyoyinmu da kogunanmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa, a sane ko a rashin sani. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, Allah Ya gafarta mini da ku baki ɗaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.