Wanda ya yi wa na'ura ƙarya, wa ya yaudara?

A Bande, garin da ke bakin kwalta kafin a shiga Magariya in an taso daga Damagaram, neman aikin albashi har yau da ambulan yake farawa. A manna sanarwa a bangon ofishin magajin gari, ko ta yi ta yawo a WhatsApp, sai mai nema ya shiga haɗa dosiye: takardar roƙo da ya rubuta da hannunsa, kwafin diplom mai hatimi, takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, takardar kotu mai shaida ba a taɓa ɗaure shi ba wadda ba ta wuce wata 3 ba, katin hukumar samar da aiki ta ANPE, da kuma CV. Ya liƙe, ya kai, a rubuta sunansa. Ko ba komai ya san hannun ɗan Adam ne zai buɗe.

Sai dai ayyukan da matasan yankin suke hange ba duka ke bin wannan hanya ba. Tun 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki da asibitin Magariya wajen jinyar yara, kuma duk damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa suke haɗuwa, akan ƙara ma'aikata. Cikin waɗannan shekaru an samu masu jinya, masu awo, masu kula da sito da direbobi daga Magariya, Bande da Dungas waɗanda suka goge a aiki. Jami'ar Damagaram, mai sunan André Salifou a yau, ita ma tana yaye ɗalibai duk shekara. Idan ɗayansu ya nemi hawa mataki, ya nemi kujera a Yamai ko a wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya, sai ya tarar babu ambulan. Shafi ne na intanet da gurabe da za a cika. Sakatariyar Majalisar tana da nata tsarin mai suna Inspira, manyan kamfanoni kuwa suna amfani da irin su Workday da Taleo.

Aikin waɗannan manhajoji ba shi da wani sirri. Suna kwashe rubutun CV, su rarraba shi gida-gida: suna, karatu, wuraren aiki, shekaru, harsuna. Mai ɗaukar aiki ne yake saita abin da yake so, kamar digiri kaza, gogewar shekara 5, iya Faransanci da Ingilishi, ko wasu kalmomi da dole su fito. Wanda ya amsa tambayar sharaɗi da a'a yakan faɗi nan take, wanda kalmominsa ba su zo daidai ba kuma ya nutse can ƙasan jeri inda ba kasafai ake leƙawa ba. CV ɗin da aka ɗauka hoto da waya aka tura, da yawa daga cikin manhajojin ba sa iya karanta shi. Wanda aka ƙawata da launi, aka raba shafi biyu, aka sa hoto a kusurwa, irin wanda ake yayi a ƙasashen renon Faransa, yakan iso a hargitse, sunan lakwal ya faɗa gurbin wurin aiki.

Shi ya sa shawarar da ake bayarwa ba ta da yawa. A rubuta a miƙe, ba ado, da kanun da aka saba, a ajiye shi a matsayin rubutu ba hoto ba, sannan a duba kalmomin sanarwar a yi amfani da su.

Wannan shawara ta ƙarshe ita ce ta buɗe ƙofa. A shagunan kwamfuta inda ake buga wa mutane takardu, akwai dabarar da ta zagaya duniya ta iso. Mai shago ya kwafe sanarwar aikin dukanta, ya liƙa a ƙasan CV, ya ƙanƙantar da baƙaƙen, ya mai da su farare. A kan farar takarda ido ba ya ganin komai, manhaja kuwa ta karanta duka, ta ga kamar wannan mutum ya mallaki duk abin da aka lissafa. In mai takarda ya nuna ɗari-ɗari, amsar a shirye take: "Haba ɗan'uwa, na'ura ce fa, ba mutum ba. Kowa haka yake yi."

Maganar ta cancanci a tsaya a kanta, domin ba wauta ce zalla ba. Ƙarya tana bukatar wanda za a sa ya gaskata abin da ba haka yake ba. Manhaja ba ta gaskatawa, ba ta zato, ba ta jin haushi in an ruɗe ta. To wa aka zalunta? Ga kuma tambaya ta biyu da take damun masu tsoron Allah daga ɗaya gefen. Bahaushe ya ce yabon kai jahilci, Suratun Najmi ta hana mutum tsarkake kansa, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana hana Abdurrahman ɗan Samura neman shugabanci. CV kuwa daga farko har ƙarshe bayanin kai ne domin neman muƙami. Yaron da ya tashi a gidan da ake jin nauyin cewa "na iya" yakan rubuta rabin abin da ya sani, ya bar sauran wa Allah. Na'ura ba ta san kunya ba, rabin nan kawai take ƙirgawa.

Wannan ta biyu malamai sun daɗe da warware ta. A Suratu Yusuf, Annabi Yusuf da bakinsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi kan taskokin ƙasa, ya kuma ambaci siffofi biyu da suka sa ya dace, tsarewa da sani. Alƙurɗubi, malamin tafsiri Bamalike da ya rasu a 1273, ya kafa hujja da wurin cewa mutum yana iya faɗin abin da yake da shi na ilimi idan bukata ta kama, musamman a inda ba a san shi ba. Babu kuwa inda aka fi rashin sanin mutum kamar gaban manhaja. Mai jinyar da ta yi damina shida tana kula da yara masu tamowa mai tsanani, ta rubuta "aiki a sashen yara" kawai, alhali sanarwa ta ambaci sunan aikin da haruffan da ƙungiyoyi suke kiransa, ba tawali'u ta yi ba. Ta tauye kanta, ta kuma hana asibitin da yake neman irinta ya same ta. In ta sa kalmar da suka sa, gaskiyarta ta faɗa da bakin da ake ji.

Fararen baƙaƙen nan fa, hukuncinsu dabam. Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannu cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa. Mai kaya ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai aka tambaye shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, aka kuma gaya masa mai algus ba ya cikin jama'ar Annabi. Duk wanda ya taɓa sayen tiyar gero a kasuwar Bande ya san abin da ake nufi. Ma'aunin da hadisin ya bayar shi ne a fito da abu fili, kuma da shi za a gane bambancin: mai jinyar nan ba za ta ji kunya ba in shugaban ma'aikata ya ga kalmar da ta zaɓa, amma mai fararen baƙaƙe ya mai da su fari ne musamman don kada mutum ya gani. Da kansa ya shaida cewa akwai mutum a bayan na'urar, kuma shi yake ɓoye wa. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan Damagaram da Kano, ta haramta algus, yaudara da ɓoye aibi a ciniki, ijara kuma, wato ɗaukar mutum aiki, ciniki ce ta ƙarfin mutum da lokacinsa.

Akwai ma wanda ya fi mai ɗaukar aiki cutuwa, kuma shi ake mantawa. In mutum 20 za a kira ganawa, duk wanda ya hau da dabara ya ture wani. Mai yiwuwa wanda aka ture ɗin ɗan Wacha ne ko Dungas, ajinsu ɗaya a lakwal.

Har nan hanya a share take. Inda ta yi sarƙaƙiya shi ne inda matatar, wato manhajar da ke tace masu nema, ita kanta ba ta da adalci. A Satumban 2021 makarantar kasuwanci ta Harvard da kamfanin Accenture sun fitar da bincike kan Amurka, Birtaniya da Jamus. Kashi 88 cikin ɗari na masu ɗaukar aiki sun amsa cewa tsarinsu yana zubar da ƙwararrun da suka cancanta don kawai ba su zo daidai da lafazin sanarwa ba, kuma kusan rabi suna ware duk wanda ya yi fiye da wata 6 ba aiki. A auna wannan da rayuwar Bande. Saurayi ya gama hidimar ƙasa, ya koma gona ya yi wa tsohonsa damina, ya taya aikin rake a fadamar Korama, rani ya yi ya tsallaka Kano ci-rani. Bai zauna ko yini ɗaya ba, amma a idon manhaja shekara guda ce fanko. Ga kuma waɗanda takardar haihuwarsu ta kotu ce, shekara kawai aka kintata, gurbi kuma ya nace sai rana da wata.

A Amurka an ga abin da ya fi haka muni. Kamfanin iTutorGroup, mai ɗaukar malaman da ke koyar da Ingilishi ta intanet, ya saita manhajarsa ta riƙa watsar da mata masu shekara 55 zuwa sama da maza masu 60. Asirin ya tonu ne da wata mai nema da aka ƙi ta sake tura takarda iri ɗaya da ranar haihuwa ta kusa, sai aka kira ta ganawa. Hukumar kare daidaito a wurin aiki ta kai ƙara, a 2023 kamfanin ya yarda ya biya dala 365,000 ga mutum fiye da 200.

Shin wanda ya san ana ture shi bisa zalunci yana da damar rage shekaru, ko ya cike gibi da aikin da bai yi ba? Abin tausayi ne, kuma wanda bai taɓa kwana da diplom a akwati ba kada ya yi saurin yanke hukunci. Amma amsar mai wannan rubutu a'a ce. Matar can ta canja ranar ne aka kama mai laifi, abin ya ƙare a gaban hukuma da ranarta ta gaskiya. Wanda ya rage shekaru ya shiga aiki kuwa zai zauna kan wannan takarda har ritaya, yana cin albashi a kanta, yana sake sa mata hannu duk lokacin da aka tambaya. Gibin kuma yana da maganin da ba ƙarya ba. Noman hekta uku, ajiyar lissafin wata ƙungiyar manoma, koyar da yara a makarantar allo ko ta sa-kai, duk aiki ne, kuma ana iya rubuta su da watanninsu da abin da aka yi a ciki.

Kaso mafi nauyi dai yana wuyan wanda ya saita matata. A Suratul Ƙasas, ɗiyar dattijon Madyana ta shawarci mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki saboda ƙarfi da amana, kuma dukansu biyu gani ta yi da idonta a bakin rijiya da kan hanya. Manhaja tana iya ƙirga kalmomin da ke nuna ƙarfi, amana kuwa ba ta da gurbi. An ruwaito Sayyadina Umar ya ƙi karɓar yabon da wani ya yi wa mai shaida sai da ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun yi tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa haɗa su. Wanda ya miƙa wa na'ura wannan aiki bai sauke nauyin ba. Kamfanin Amazon ya gane haka: manhajar da ya fara ginawa a 2014 ta koyi zaɓe daga takardun shekara 10 da yawancinsu na maza ne, sai ta shiga rage wa mata maki, kuma a 2018 labari ya fito cewa an yi watsi da ita. Birnin New York tun Yulin 2023 yake tilasta a binciki irin waɗannan manhajoji kan son kai, dokar Tarayyar Turai ta 2024 kuma ta sa su cikin rukunin masu haɗari sosai.

Wani zai ce ko banza na'ura ta fi "wa ka sani", abin da ƴan boko a Nijar suke yi wa laƙabi da PAC, wato dangi, abokai da sanayya. Da gaskiyarsa. Manhaja ba ta san ɗan wane ba, kuma ɗan talakan Bande yana iya tsallake ta ba tare da ya durƙusa a ƙofar kowa ba. Wannan alheri ne ma ya sa lalata ta da dabara ya zama asarar talaka kafin ta kowa.

Akwai rukunin da tsarin biyu suke haɗuwa a kansu. Masu sa-kai na kiwon lafiya a ƙauyuka, waɗanda suke auna dantsen yara da ɗan ma'aunin nan mai launi uku, su tura masu zazzaɓi likita, galibi jama'ar gari ce take zaɓensu, mutanen da suka san maƙwabtakarsu da riƙonsu. Wasu sun shekara 10 suna yi. Ranar da ɗayansu ya nemi aikin albashi ta intanet, duk wannan shaida ba ta shiga sai in tana kan takarda mai kwanan wata da hatimi. Shugaban gidan likita ko ƙungiyar da ta yi aiki da su ce kaɗai take iya ba su ita, kuma da yawa furoje yakan ƙare, a kwashe kaya a tafi, ba a rubuta wa kowa ba.