Malami Ma Mai Awo Ne

Na daɗe ina koyar da lissafi a wata kwaleji ta karkarar Madawa, amma har yau hannuna yakan yi nauyi idan na ɗauki jan biro. Maki a wurinmu bisa 20 ne, 10 ce iyakar tsira. Bara wani yaro ya samu 9,5. Na san dalili: duk lokacin cirar albasa yana fadamar Tarka yana taya mahaifinsa, ya shigo aji ido jawur.

Na kwana ina tunanin Suratul Muɗaffifina, wadda ta yi wa masu tauye mudu kashedi mai tsanani. Malami ma mai awo ne. To, wa zan tauye? Idan na ƙara masa rabin maki, na ci amanar yarinyar da ta samu 10 da guminta, ga jarrabawar BEPC tana jiransa, inda mai gyaran takarda bai san sunansa ba, balle gonarsu. Idan na bar shi haka, rubutunsa kawai na auna. Wahalarsa kuwa, Allah kaɗai ke da mizaninta.

A makarantar allo da na taso, malam ba ya ba da lamba. Karatu bai zauna ba, ba ka wanke allo, gobe ka sake biyawa. A ganina wannan ya fi kusa da adalci.

Na bar masa 9,5 ɗinsa, na riƙa zama da shi bayan la'asar, sannan na sake yi wa ajin duka gwaji. 'Yan'uwana malamai na Buza da Keita, ku ba yaro damar sake biyawa kafin ku rufe littafin maki.