KWANON DA YA DAWO BABU KOMAI

'Yan'uwa marubuta, tambayar da nake so mu duba a wannan fitowa ita ce: shin da gaske ne azumi yana sa mai hali ya san zafin yunwar talaka? Haka muka taso muna ji, haka ni ma na sha faɗa wa ɗalibaina a aji. Amma wani abu da ya faru da ni ya sa na sake tunani.

Akwai wani dattijo maƙwabcina, tsohon ma'aikaci, wanda muka daɗe muna ciyayya da gidansa duk watan azumi. Wata shekara, a goma ta marmari, muka aika musu kunu da ƙosai kwana uku a jere, kwanon yana dawowa a wanke, babu komai a ciki. Maiɗakina ta ce da alama sun yanke ciyayya, ni kuwa ban bincika ba na ce a bari. Sai a ƙarshen goma ta wuya limaminmu ya ja ni gefe bayan sallar asham, ya shaida mini cewa kuɗin fanshon dattijon ne suka maƙale, da garin rogo iyalinsa suke sahur. Ga shi kullum sahunmu ɗaya a masallaci, kafaɗa da kafaɗa, kuma ina cikin azumi, amma ban gane ba.

A nan na fahimci cewa yunwa iri biyu ce. Ta mai azumi tana da wa'adi, domin kuwa yana duban agogo yana jin ƙamshin girki, ya san da an kira magariba ta ƙare. Ta mabuƙaci kuwa ba ta da ranar yankewa, ga fargabar gobe, ga kunyar kada a sani. Saboda haka azumi yana ɗanɗana mana yunwa ne kawai. Sanin halin maƙwabci sai an tashi an bincika, don zumunta a ƙafa take.

Ina ganin shi ya sa shari'a ba ta bar al'amarin ga tausayin zuciya kaɗai ba. A shekara ta 2 bayan hijira aka wajabta azumin Ramadan, a shekarar kuma aka wajabta zakkar fidda kai, wato mudun Annabi 4 a kan kowane mutum, daga abincin da mutanen gari suka fi ci. Wanda ya karya azumi da gangan, daga cikin kaffararsa akwai ciyar da miskinai 60, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta fifita ciyarwar. Tsohon da ya kasa azumi ma an so ya ciyar. Duk inda ka juya a babin azumi, sai ka tarar da cikin wani.

Wani zai ce, malam, mu ma albashin ba ya kai mu ƙarshen wata. Gaskiya ne. Sai dai a shekarar nan da nake magana, kununmu bai fasa zuwa gidaje uku da suka fi ni wadata ba. Ashe ba rashi ne ya hana ni ba, ciyayyar ce na mayar biki, ba ni gishiri in ba ka manda. Wanda ya fi cancanta shi na fara yankewa, don kawai ya kasa ramawa.

Shawarata ita ce, idan kwano ya dawo babu komai, a ƙara cika shi, kada a nemi ba'asi. Idan da hali, a bi dare a kai ɗanyen hatsi, domin mai mutunci ya fi buƙatar rufin asiri a kan a gan shi a layin sadaka. Ni dai na kai nawa daga baya, dattijon ya karɓa ya yi godiya, amma har yau ina jin nauyin haɗa ido da shi.

Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin maƙwabtaka, amin.