Shayin Da Ake Ajiyewa Ya Tsufa: Na Sha Ne Ko Na Kasuwa?

Jama'a, duk wanda ya taɓa zama majalisar shayi a Bagudo ko Kaoje, ko can Tsamiya bakin iyakar Binin, ya san ganyen da ake dafawa a 'yar buta bisa gawayi galibi daga ƙasar Sin yake zuwa. Kore ne, in ya daɗe ƙamshinsa gushewa yake yi. Amma Sinawa suna da wani iri mai duhu wanda shekaru ke ƙara wa daraja. Mafi shahara shi ne Pu'er na lardin Yunan. Akan turara ganyen, a danne shi kamar faifai mai nauyin giram 357, a ɗaure bakwai-bakwai cikin ɓawon gora, a ajiye shekara ashirin ko talatin har ɗacinsa ya kwanta.

To, da attajirai suka farga, sai suka shiga saye suna jibgewa, ba don sha ba. Farashi ya yi ta hawa, kana a 2007 ya faɗi warwas, mutane da yawa suka tafka asara.

Shin mai irin wannan ajiya ya yi laifi? Ɓoyon da malamai suka hana shi ne na abin da jama'a ke bukata, kamar wanda ya kulle shinkafa lokacin da aka rufe iyaka a Agustan 2019, yana jiran maƙwabcinsa ya galabaita. Faifan shayi kuwa bai hana kowa tuwon dare ba. Malaman Malikiyya ma sun san ɗan kasuwa mai jiran farashi, suka ce in ya sayar, kuɗin suka kai nisabi, sai ya fitar da zakkar shekara guda.

Ni damuwata a wani wuri take. Faifan nan da zarar an ɓantare shi, darajarsa a kasuwa ta ragu. Ga baƙo ya yi sallama, mai gida ya dubi faifan, ya dubi baƙon, ya aika a sayo na kanti. Alhali mutumin Bagudo da ganyensa mai araha yakan zuba na ɗaya, na biyu, har na uku, ga Bafulatani da Bazabarme da direban da ya tsallako daga Segbana, bai tambayi sunan kowa ba.

Kada in zalunci masu tarawa: cikinsu akwai waɗanda ke kiran abokai, su ɓanɓari giram bakwai ko takwas, a yi ta zuba ruwan zafi sau goma, kowa ya kurɓi abin da aka yi shekara talatin ana tattali. Waɗannan na yarda shayin nasu ne. Ɗayan kuwa, mai jiran farashi ya ƙara hawa, yakan tsufa tare da ganyen, ranar rabon gado magada su kira dillali, ba wanda ya san ɗanɗanonsa cikinsu.