Aiken sayen bindiga: alhakin yana kan wa?

Yau ga tambaya na kawo maka. Idan mutum ya ba wani kuɗi a asirce ya sayo masa bindiga, alhakin yana kan wa? Kan mai kuɗin, ko kan ɗan aiken?

Ka san yadda Tsarnawa take. Mararraba ce. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Damagaram ta nan take wucewa, kuma nan hanyar Tawa take rabuwa ta yi arewa. Birnin Ƙonni yana kusa. Daga Ƙonni kuwa, tafiya kaɗan ka kai iyaka, ka shiga Illela ta Najeriya, hanyar Sakkwato. Albasar Galmi da simintin Malbaza duk ta wannan hanya suke bi. Amma hanyar da ke kawo kayan alheri, ita ce kuma mugun kaya yake bi.

Tun da gwamnatin Libiya ta faɗi a 2011, makamai suka watsu cikin ƙasashenmu. Ƴan bindiga suka yi ƙarfi a Zamfara da Sakkwato, har suna ƙetarowa jihar Maraɗi da ta Tawa. Suna kore shanu, suna sace mutane don kuɗin fansa. A watan Oktoba na 2020 sun sace wani Ba'amurke a Masallata, dab da Ƙonni, suka tsallaka da shi Najeriya. Saboda haka, in magidanci ya ji tsoro, ba mai ganin laifinsa. Kare iyali wajibi ne.

To, a ce wani manomi ya sayar da albasarsa. Sai wani ya zo ya raɗa masa: "Kawo kuɗin, na san mai ita. Ba wanda zai ji." Manomin ya ce a ransa: "Ni ban je ba, ban ga mai sayarwa ba, hannuna tsarkakakke ne." Ɗan aiken shi ma ya ce: "Ni aikena aka yi, ba ruwana." Kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa kaya. Mu duba mu gani ko gaskiya gare su.

Mu fara da doka. Tun 1963 Nijar take da doka kan riƙon bindiga, da shigo da ita, da sayar da ita, da miƙa ta ga wani. Ba ka riƙe bindiga sai da takardar izini daga ma'aikatar cikin gida. Takardar nan da sunan mutum ɗaya ake yin ta, kuma don bindiga ɗaya mai lambarta. Ba a aron ta kamar galma. Izinin wanka ba naka ba ne. Mai izini ma ba ya da ikon sayar maka da tasa a bayan ɗaki. Bindigar yaƙi kuwa, irin ta soja, ba ta farar hula ba ce sam. Wanda aka kama da bindiga babu takarda, za a ƙwace ta, a ci shi tara, ya kuma shiga gidan kaso. Najeriya ma tana da tata dokar tun 1959, ita ma sai da izini. Wanda ya sayo can ya ƙetaro nan ya taka dokar ƙasa biyu.

Ɗan aiken fa? Dokar hukunta laifuka ta ƙasarmu tana kama wanda ya taimaka aka yi laifi yana sane. Wanda ya samo wa wani makami, ya san ɓarna za a yi da shi, hukuncinsa ɗaya da mai ɓarnar. Ashe tun da can Hausawa sun faɗa: abokin ɓarawo ɓarawo ne. Malamai ma sun hana sayar da makami ga wanda aka san zai cuci mutane da shi.

Yanzu mu ajiye doka, mu yi magana ta hankali. In za ka sayi rago, dillali yana tsayawa a tsakiyar kasuwa, da rana, gaban shaidu. In ragon na sata ne, ka san wanda za ka kama. Shi ya sa dillanci yake da mutunci. Amma dillalin bindiga da dare yake zuwa. Amfaninsa ɗaya ne: kada mai saye da mai sayarwa su san juna. To, me ya sa ake ɓoye maka fuskar mai ita?

Ka tambayi kanka abu uku. Na farko, daga ina bindigar ta fito? Wataƙila an kashe soja aka ɗauke ta. Wataƙila an yi fashi da ita. Ran da aka same ta a rumbunka, kai za a tambaya. Na biyu, ina kuɗinka za su? Mai sayar da bindiga a ɓoye ba ya zaɓen mai saye. Hannun da ya miƙo maka yau, shi zai miƙa wa ɓarawon shanu gobe. Kuɗin albasarka sun ƙara wa kasuwarsu ƙarfi. Na uku, wa ya san sirrinka? Ɗan aiken ya sani, wanda ya sayar ya sani. Ƴan bindiga suna neman gidan da ke da makami don su ƙwace. Abin da ka saya don tsaro ya zama abin kiran su.

Akwai kuma abin da ke cikin gida. Bindiga ba ta san ɓarawo ba, ba ta san maƙwabci ba. Rikicin iyakar gona, ko shanu sun shiga hatsi, da sanda ake farawa, dattawa su raba. In da bindiga a kusa, fushin minti ɗaya yana jawo makoki da gabar shekaru. Yaro kuma yana iya ɗauka da wasa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ga amsar tambayarmu. Alhakin ba ya raguwa don ya bi ta hannu biyu. Mai kuɗin yana da nasa cikakke, don shi ya so. Ɗan aiken yana da nasa cikakke, don da ƙafarsa ya je, kuma yana iya cewa a'a. Aiken da ba za ka iya faɗa gaban mai gari ba, kada ka karɓa, ko da wanka ne ya aike ka.

Za ka ce: "To, mu zauna a cinye mu?" A'a. Ku haɗa kai da mai gari da sarki. Baƙon da ba ku gane ba, ku sanar da jandarma da wuri. In an yi jinkirin zuwa muku, ku tafi a ƙungiya wurin furefe ku faɗi kukanku, ku sake komawa har a ji. Mai bukatar bindiga da gaske ya nemi izini da kansa, da sunansa. Wanda kuma ya riga ya ajiye wata a ɓoye, ya nemi mai gari ya raka shi ya miƙa ta ga hukuma. Ƙasarmu ta taɓa bin wannan hanya. A 1994 aka kafa hukumar tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa doka ba. Ran 25 ga Satumba 2000, a Agadas, aka ƙone bindigogi fiye da 1000 a gaban jama'a, bayan tawayen arewa. Waɗanda suka miƙa su ba ragwaye ba ne, mutane ne da suka ga abin da bindiga take yi.

Ɗan'uwa, in wani ya zo maka da wannan raɗa, ka ce masa: "Mu je mu faɗa gaban mai gari." In ya ƙi, ka riƙe kuɗinka. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.