Wa ya ba mu ikon yafe haƙƙin maraya?

Jama'a, mu ji tsoron Allah. Akwai abin da ya faru a unguwarmu gab da tashin alhazai, har yau ya ƙi fita daga raina. Wani bawan Allah mai rufin asiri ya biya kujerar Makka. Ana saura 'yan kwanaki ya shiga sansani, sai ga saƙonsa a wayar kowa ta WhatsApp: duk wanda na ɓata wa, da sani ko da rashin sani, ya yafe mini, ni ma na yafe wa kowa. Aka yi ta zuba masa amin. Alhali kaf unguwar babu wanda bai san gonar ƙaninsa marigayi tana hannunsa ba. Ya yanka ta fuloti-fuloti ya sayar, marayun kuwa uwarsu ce ke riƙe da su da wankau da tuyar awara.

Saƙon bai dame ni kamar abin da ya biyo baya ba. Dattawa ne suka yi gayya har zauren matar nan, suna cewa, "Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Yayan mijinki ne, ɗakin Allah zai je, kada ki bari ya tafi da nauyi a wuya." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, tumunina na takaba na bar masa har abada. Sauran kuwa na yaran nan ne, ba ni da ikon yafe shi." Kafin magariba labari ya zaga gari, wai mace ce mai riƙo, ba ta ganin girman manya.

Subhanallahi! Ita ce mai riƙo? Matar da ta fi duk wanda ke zauren nan fahimtar addini a ranar? Babu dattijo ɗaya da ya taka zuwa gidan maniyyacin ya ce masa mayar da gona. Ƙafafunmu sun san hanyar gidan wanda aka zalunta, sun mance hanyar gidan azzalumi, don can akwai shayi da ɗan abin sawa a aljihu.

Yaushe muka mayar da tuba saƙon waya? Wanda ya taɓa zama gaban malami ya buɗe Riyadus Salihin na Imam Nawawi ya san sharuɗɗan: ka daina saɓon, ka yi nadama, ka ƙudurta ba za ka koma ba. In laifin ya shafi ɗan Adam, sai na huɗu ya hau kanka, ka mayar masa da haƙƙinsa ko ka nemi ya warware maka. Wannan na huɗun muke tsallakewa, mu da 'yan kasuwarmu masu tauye mudu, da masu bashin da suka daina ɗaga waya, da matan da suka kashe auren wata da tsegumi. Mutum ya wanke hannu fes, sannan ya mayar da shi cikin kwatar da ya fito da shi, ya ce mana ya tsarkaka.

Kuma nadamar ma ina take? Mai nadama ba ya iya barci. Ku tuna Ka'ab bin Malik da abokansa biyu, Murara bin Rabi'i da Hilal bin Umayya, da suka ƙi fita yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira. Ka'ab ya ƙi ƙirƙiro uzurin ƙarya gaban Manzon Allah (SAW), ya ambaci laifinsa da bakinsa. Aka ƙaurace musu dare 50, ko sallamarsa ɗan baffansa ya ƙi amsawa, kafin karɓar tubarsu ta sauka a Suratut Tauba. Mu kuwa ko sunan laifin ba ma iya furtawa. "Da sani ko da rashin sani." Haba Alhaji! Da rashin sani aka kira mai awo? Da rashin sani aka sa hannu a takardar ciniki, aka ƙirga kuɗi?

Don Allah ina roƙonku, 'yan'uwa, kada wani ya ruɗe mu da cewa Arfa tana wanke komai. Rahamar Allah ta fi gaban tunaninmu, amma haƙƙin bawa sai bawa. Ya inganta a Sahihu Muslim cewa shahidi ma ana gafarta masa komai ban da bashi. A nan ne kuma aka siffanta mana matsiyacin gaskiya: wanda zai zo da salla da azumi da zakka, a yi ta ɗibar ladansa ana biyan waɗanda ya cuta, in ya ƙare a ɗora masa zunubansu. Cin dukiyar maraya yana cikin zunubai bakwai masu halakarwa, aya ta 10 a Suratun Nisa'i kuma ta kira shi cin wuta. A 2025 kujerar Hajji daga Arewa ta haura naira miliyan 8. Wanda ya iya tara wannan, ya rasa abin da zai sallami marayun ƙaninsa? Wallahi bai rasa ba, ya dai san za mu je zaure mu roƙar masa.

Mu ne fa. Mu ne masu amin, mu ne 'yan rakiya filin jirgi, mu ne za mu cika ƙofar gida muna karɓar dabino da zamzam. A wajen jana'iza ma haka, liman ya ce a yafe wa mamaci, kowa ya amsa da ƙarfi, mai bin bashi ya haɗiye maganarsa don kada a ce ba shi da imani. Limamanmu, masu unguwanninmu, kunyar wa kuke ji? In mai neman yafiya ya sake turo ku, ku tambaye shi me ya ci kuma nawa ne, ku kira mai rabon gado, ya biya a gaban shaidu, ko da kujerar ce za ta jira wata shekarar.